Neman Yaya Haruna a Gidajen Turawan Jidda

Daga Malumfashi zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Talata na fito daga gida, da akwatin kwano ɗaya da buta da tabarma. Inna ta riga ni tashi. Ta rako ni har zaure tana dogara sanda, abin da ta shekara ba ta yi ba, ta ce, "Idi, aikin Hajji naka ne, Allah ya karɓa. Ni aikena ɗaya ne. Ka nemo mini yayanka. In ya ƙi biyo ka, ka dubo mini fuskarsa ka zo ka gaya mini."

Yaya Haruna kuku ne. Ya daɗe yana yi wa wani Baturen Ingila girki a Zariya, wanda ake kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Da Baturen ya bar ƙasarmu ya kama aiki a wani kamfanin jiragen ruwa a Jidda, sai ya tafi da Yaya. Shekara bakwai ke nan. Da farko wasiƙa na zuwa kowace sallah, daga baya ta koma shekara-shekara, a shekara biyun ƙarshe kuwa ko layi ɗaya ba mu gani ba. Inna ta haura saba'in, idonta ya fara dushewa.

Ni dai na ɗauki aiken da sauƙi. Malamin gona ne ni, na yi shekara tara a ƙarƙashin Turawa, ina jin Turanci, na san ba a shiga ofis sai an ƙwanƙwasa, na san ba a tambayar Bature shekarunsa. A ganina na san Bature ciki da bai. Ashe na Ingila kaɗai na sani, shi ma ɗin rabinsa.

Na sami babbar mota mai zuwa Kano, gaba sule bakwai, baya sule huɗu. Na biya na gaba, don ban ga dalilin fara tafiyar ibada a kan buhun gyaɗa ba. Mun tsaya Gwarzo muka sha koko da ƙosai na kwabo uku, ɗan doka ya leƙo ya ga ni maniyyaci ne, ya ce in sa shi a addu'a, ya buɗe mana hanya. Direba ya ce, "Malam, da kullum da kai nake tafiya da na huta." Mil saba'in da 'yan kai, muka shiga Kano sha ɗaya da kwata.

Daga Kano zuwa Jidda

Kwana uku muka yi a sansanin alhazai ana duba katin allura ana kiran suna. Jirginmu ya tashi shida da kwata na safe, ya sauka Hartum shan mai, muka isa Jidda bayan magariba. Wakilin mai yi mana jagora ya tattara fasfunanmu ya zuba a jaka, ya ce sai ranar komawa. Labarin Makka da Arfa da Madina ba zan kawo shi nan ba, waɗanda suka fi ni ilimi sun riga sun rubuta. Mun dawo Jidda wata ranar Juma'a, aka ce jirginmu na gida Juma'a mai zuwa ne, ƙarfe bakwai na safe, kuma wanda ya makara shi ya sani. Kwana shida ke nan nake da su. Lokutan da zan ambata duk na agogon Turawa ne, don mutanen Jidda nasu lissafin daga faɗuwar rana yake farawa.

Asabar: Karantina

Karantina unguwa ce a kudancin gari, inda mutanenmu suka taru, gidajen katako da kwano, lungu cikin lungu. Wani alhaji ya ba ni sunan Usmanu direban tasi, wanda kakansa ya zo daga Kafur da ƙafa. A Jidda aka haifi Usmanu, Hausarsa ta sha Larabci ta ƙoshi.

"Ahlan, ya Hajji, shigo, shigo! Haruna kuku? Wallahi na san shi. Da can kowace Juma'a yana zuwa cin tuwo a nan. Ba'den, daga baya, ya koma nesa wurin Nasara, halas, shi ke nan muka daina ganinsa."

Matarsa ta aiko da tuwo da miyar kuka, na ci har na ji kunya. Muka shirya zai riƙa kai ni duk inda nake so a kan riyal goma a yini. Muna wanke hannu ya ce, "Amma Hajji, bari in gaya maka. Khawaja ba ɗaya ba ne." Khawaja shi ne Bature a bakinsu. "Ingilizi daban, Ɗalyani na Italiya daban, Almani na Jamus daban. Shekara goma ina ɗaukarsu. Wannan ya ce i yana nufin a'a, wancan ya yi ihu yana nufin sannu."

Na yi murmushin wanda ya sani, na ce masa ya bar mini wannan. Yanzu in na tuna murmushin nan haushin kaina nake ji.

Lahadi: gidan Mai Lofe

Mun bar masaukin alhazai takwas da rabi, muka karya da wake da burodi na ƙirshi shida, tara da kwata muna Sharafiyya, unguwar da Mai Lofe yake zaune. Gidan Mai Lofe fari ne mai baranda, da kare kwance a ƙofa. Ya fito da kansa, ya tsufa, lofen dai yana nan. Da Hausa ya tarbe ni.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ina gajiya? Ina mutanen gida?"

Raina ya yi fari. Ya zaunar da ni a kujera, aka kawo shayi da biskit guda biyu a faranti. Ya tambaye ni damina, ya tambaye ni farashin auduga, ya tambaye ni ko har yanzu gadar nan ta kan hanyar Funtuwa tana cin motoci. Ya ce zafin Jidda bana ya wuce misali, ko ba haka ba? Minti ashirin muna zafi da damina. Da na sami ƙofa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ƙanen Haruna ne. Shi na zo nema."

Ya cire lofen, ya ƙwanƙwasa shi a bakin tebur, ya leƙa cikinsa kamar amsar tana ciki. Ya ce, "Haruna. Mutumin kirki ƙwarai. Ban taɓa cin miyar gyaɗa irin tasa ba." Ya ce da matarsa ta koma Ingila shekara uku da suka wuce, shi kaɗai ba ya bukatar kuku, sai wasu mutanen Italiya suka ɗauke shi. "Ina jin zai fi kyau ka fara da su," in ji shi. Ya zana mini taswirar gidansu da fensir, tsaf-tsaf. Ya rako ni har bakin mota, ya ce lalle in sake zuwa wata rana mu sha shayi.

A mota na ce wa Usmanu, "Ka ga mutanen da suka san mutunci?"

Ya ce, "Tayyib. Amma tun da ka ambaci Haruna, sau nawa ya dubi idonka?"

Na ce ya ja mota ya bar surutu.

Litinin: gidan mutanen Italiya

Gidan yana bayan wata masana'antar tayil, don maigidan shi ke shimfiɗa wa attajiran Jidda daɓe. Tun daga titi muka ji hayaniya, mace na ɗaga murya, namiji na ɗaga wadda ta fi. Na ce mu koma sai sun huce, bai kamata baƙo ya shiga ana faɗa ba. Usmanu ya ce, "Wane faɗa? Hira suke yi."

Uwargidan ta fito, gajera mai ƙiba, hannunta duk fulawa. Usmanu ya yi mata bayani da Larabci. Da ta ji sunan Yaya sai ta saki ƙara, ta rugo, kafin in ja baya ta kama kafaɗuna ta sumbace ni a kumatu, dama da hagu. Jama'a, ni da ko wata ɗaya ban yi da sauka daga Arfa ba! Matar wani, a gaban mijinta, shi kuma mijin yana dariya yana jiran nasa layin. Ya rungume ni har hulata ta faɗi. Na tsaya ƙiƙam ina istigfari, Usmanu ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Na ce tambaya ɗaya na zo yi. Ta ce ba a tambaya da yunwa. Aka zaunar da mu a tebur ɗaya da su da 'ya'yansu, abin da ban taɓa gani ba a gidan Baturen Ingila, inda ko ɗan gida ba ya magana a kan abinci sai an tambaye shi. Nan kuwa kowa na magana, ba mai saurare. Aka kawo taliya da jar miya. Na tambaya ko akwai abin da bai halatta ba a ciki, ta dafa ƙirji ta rantse da abin da take rantsuwa da shi, ta ce shekara guda Haruna ya yi a kicin ɗinta, ta san doka. Na ci na ƙoshi na ajiye cokali, ashe wannan share fage ne. Kifi ya biyo, kaza ta biyo, sai 'ya'yan itace, sai gahawa mai ɗaci a ɗan kofi. Duk lokacin da na ce alhamdu lillahi sai ta ɓata rai ta ƙara mini. A nan kam ta yi kama da gwaggonnina.

Sai ƙarfe uku da rabi na sami amsata. Yaya ya bar su shekara biyu da suka wuce, ya koma wurin wasu Jamusawa masu aikin bututun ruwa a Abhur, don sansaninsu na bukatar kuku. Ta ce tana fushi da shi, ya fi shekara bai leƙo ba, in na gan shi in ja masa kunne. Maganar da za a yi a tsaye cikin minti biyu ta cinye mini yini guda. Na fito ciki ɗauke, rai ɓace, saura kwana uku.

Talata da Laraba: Abhur

Abhur tana arewa da Jidda, mil ashirin da biyu a agogon motar Usmanu, bakin teku ne, babu komai sai yashi da 'yan bukkokin masunta da ɗakunan da Turawa ke zuwa wanka ran Juma'a. A fitar gari akwai shingen 'yan sanda. Ba ni da fasfo, sai takardar wakili. Ɗan sandan ya juya ta ya juya, Usmanu ya yi ta "ya shekh, Hajji ne, miskin," har ya gaji ya ɗaga mana hannu.

Sansanin Jamusawa an kewaye shi da waya. Mai gadi sabo ne, bai san kowa ba. Ya kai mu wurin wani akawu Balarabe. Na faɗi abin da ya kawo ni, ya shiga ciki, ya fito ya ce babban injiniya zai gan ni gobe Laraba ƙarfe goma. Na ce daga Nijeriya na zo, ga mutumin can ina hango ƙeyarsa ta taga. Ya ce, "Gobe ƙarfe goma." Na ce to a kira mini kuku kawai. Ya kawar da kai ya ce wannan ma sai injiniya. Muka juyo da mil ashirin da biyunmu.

Laraba mun fito takwas daidai, da sauran lokaci mai yawa. Amma hanya ta bi da mu ta ƙofar shagon kawun Usmanu, tsohon ya gan mu ya ɗaga hannu. Wa zai wuce dattijo yana kiransa? Muka sauka gaisuwa. Ya ji ni baƙo ne daga ƙasar kakanninsa, ya sa aka ɗora shayi. Ya tambayi Kafur, ya tambayi mutanen da suka mutu kafin a haife ni. Na dubi agogo sau biyu, na ji kunyar na uku. A raina na ce ai goma da 'yan mintoci duk goma ce.

Goma da minti talatin da biyar muka isa. Daidai ƙofa muka yi kiciɓis da injiniyan zai fita a jif, dogo, jajir, da gajeren wando. Na tare shi na fara gaisuwa. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya dubi agogonsa ya ce da Turanci mai tauri, "Ƙarfe goma na ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganar Haruna ce."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na ware maka rabin sa'a cikakkiya, na zauna ina jiranka. Ba maganar bakin hanya ba ce. Gobe ƙarfe goma." Ya ja mota ya bar ni cikin ƙura.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce wannan wane irin ɗan Adam ne? Mutum ya ƙetare ƙasashe, uwarsa na gida tana jira, a kore shi saboda rabin sa'a kamar ɗan makarantar da ya makara? Ko Baturen gona mafi zafin rai da na sani zai ce in zauna in jira. Usmanu ya ci gaba da tuƙi har muka wuce shingen 'yan sanda. Can ya ce a hankali, "Hajji, gobe in sha Allahu mu fito da wuri." Yadda ya faɗe ta ya sa gabana ya faɗi, amma na danne.

Alhamis

Tara saura kwata muna ƙofar sansanin. Akawu ya ce goma ba ta yi ba. Muka zauna a inuwar mota, ga zafi ga gumi, sa'a ɗaya da kwata. Goma na bugawa ƙofa ta buɗe.

Injiniyan ya miƙe, ya ba ni hannu ya matse har ƙashi, ya dube ni tsakiyar ido ya ce, "Kai ne ƙanen Haruna. Haruna ya mutu. Wata goma sha huɗu ke nan."

A tsaye nake. Ko zauna bai ce mini ba. A garinmu in za a gaya wa mutum rasuwa, sai a nemo dattijo, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a ce jikin wane ya yi tsanani, a bar zuciyarsa ta isa wurin da kanta. Shi kuwa wannan ya ɗora mini ita kamar mai sanar da tashin jirgin ƙasa. Usmanu ya ja mini kujera ya zaunar da ni, yana ta salati. Na yi kuka a gaban Bature, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Shi kuma ya koma ya zauna, ya haɗa hannuwansa a kan tebur, ya jira. Bai ce yi haƙuri ba, bai kawar da kai ba.

Da na share ido, sai ya jawo wani baƙin littafi, wanda yake rubuta aikin kowace rana a ciki, ya buɗe inda ya riga ya sa alama. Ya karanta mini. Ran kaza Haruna ya ce kansa na ciwo, bai yi girkin rana ba. Ƙarfe biyu aka ɗauko likita daga gari. Kwana uku yana zazzaɓi. Rana ta huɗu, bakwai saura minti goma na safe, ya cika, Malam Adamu na riƙe da hannunsa. An tsayar da aiki duka. An tambayi Malam Adamu abin da addini ya ce, an aika mota ta sayo farin yadi da turare. Malam Adamu da wani Bayamale suka yi wanka. Mutum ashirin da uku suka yi salla. An rufe shi sha ɗaya da rabi a maƙabartar masunta.

Haushi ya sake taso mini. Na ce a raina, yayana ne fa, ba bututu ba, da za a rubuta shi tsakanin siminti da man inji. Na ce, "Ba wanda ya ga ya kamata a sanar da uwarsa?"

Ya buɗe wani shafi. Ya ce washegari ya rubuta wa Baturen Ingilan da ya kawo Haruna ƙasar, don shi ke da adireshin gida, kuma ya amsa cewa zai kula da maganar. Ya nuna mini amsar, da sa hannun Mai Lofe. Ya ce, "Ban bincika ko ya aika ba. Wannan kuskurena ne." Ya faɗe ta da murya ɗaya da wadda ya faɗi mutuwar. Ya kwafe mini shafin rasuwar da hannunsa, ya sa aka kira Malam Adamu, ya ba mu jif da direba. Goma da rabi daidai ya miƙe ya sake ba ni hannu.

Malam Adamu Bahaushen Sudan ne, tsoho, mai kula da ma'ajiyar kayan aiki. Shi ya yi mini ta'aziyya irin ta gida, ya kira ni ɗana. Ya kai ni maƙabartar, mil biyu daga sansanin. Kaburburan can ba suna, sai dutse a kai da ƙafa, amma ya san wurin. Muka yi addu'a. Ya ce, "Ɗana, yayanka da kalmar shahada ya tafi, ni na ji da kunnena. Wancan dogon kuwa, ranar, can bakin katanga ya tsaya cikin rana, hula a hannu, har muka gama."

Ƙarfe huɗu na yamma na sa Usmanu ya kai ni Sharafiyya. Ya ce, "Khalli, Hajji, bar shi." Na ce sai na je. Mai Lofe yana baranda, shayi a gabansa. Ban gaishe shi ba, kuma ban zauna ba. Na ce, "Ka sani. Ran Lahadi ka sani, ka ba ni biskit, ka tambaye ni auduga, ka zana mini taswirar gidan da ka san ba ya nan."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce ya yi matuƙar baƙin ciki. Ya ce ya zauna zai rubuta wasiƙar sau da yawa, bai sami kalmomin da suka dace ba. Ran Lahadi kuma ya ga ba huruminsa ba ne, kuma bai so ya tayar mini da hankali ba.

Na ce, "Hankalinka ne ba ka so ya tashi. Shekara ashirin ka yi a ƙasarmu, ka iya ina gajiya, ka iya ina mutanen gida. Mu ma mukan jinkirta labari, amma na yini guda, don a shirya mai ji. Kai ka bar tsohuwa wata goma sha huɗu tana jiran mamaci." Ban taɓa ɗaga wa Bature murya ba sai ran nan. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya ce, ko zan zauna in sha shayi? Na juya na fita.

Komawa gida

Juma'a ƙarfe huɗu na asuba aka tashe mu, aka mayar mana da fasfo, aka auna kaya. Usmanu ya zo sallama, ya rungume ni ya ce, "Ma'as salama, ya akhi. Ka gaishe da Inna." Ya ce shi zai je ya gaya wa matar nan ta Italiya, kuma ya san sai unguwa ta ji kukanta. Jirgi ya tashi bakwai da minti ashirin, muka sauka Kano da la'asar sakaliya. Na kwana gidan wani abokin aiki a Fagge, Asabar da hantsi na hau mota, ƙarfe uku na shiga Malumfashi.

Duk hanya ina shirya yadda zan yi. Zan fara zuwa wurin Kawu, mu zo tare da liman, a bi abin a hankali yadda aka saba. Amma mutane suka gan ni a tasha, aka ɗauki akwatina, guɗa ta riga ni isa gida. Na sami Inna zaune a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta. Na gaishe ta da gida, na gaishe ta da jiki, na koma na sake gaishe ta da gida. Na fara ba ta labarin zafin Makka.

Ta ce, "Idi, bar zagaye-zagaye. Tun daga takunka na ji kai kaɗai ne." Ta yi salati ƙasa-ƙasa, leɓenta na motsi. Sannan ta ce, "Wa ya yi masa wanka?"

Na laluba aljihu na ciro takardar Bajamushen nan. Na ce Malam Adamu, Bahaushe ne, da wani Bayamale.

"An sa masa likkafani sabo?"

"Sabo, Inna. Da turare."

"Ya daɗe yana jin jiki?"

"Kwana uku. An kawo masa likita. Da safe ya cika, ana riƙe da hannunsa."

"Mutum nawa suka sallace shi?"

Na ce ashirin da uku. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ƙirga su a gaɓoɓin yatsunta ɗaya bayan ɗaya har ta kai, hawaye na bin kumatunta. Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ba a yar mini da shi ba." Duk abin da ta tambaya a ranar akwai amsarsa a takardar nan, ba wadda na ce mata ban sani ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Usmanu da iyalinsa, da Malam Adamu, da mutum ashirin da ukun da ban san sunansu ba. Har yau ban huce da tsayuwar da dogon nan ya bar ni a ciki ba, kuma ba na jin zan huce. Amma Inna ta ce in rubuta masa godiya da sunanta, na kuwa zauna na rubuta a ranar, ban bari ta kwana ba.